Hantar Layya da Yatsan Andarawus

Shekarun nan, duk Babbar Sallah sai babban yatsan ƙafar Andarawus ya kumbura suntum, shi kuwa ya ɗora wa sanyin damina laifi. Shi kaɗai ne Kirista a layinsu a Kontagora, ga shi dattijon unguwa, don haka duk gidan da aka yanka rago, hanta da ƙoda ake zaɓar masa. Gida tara ne, kuma bawan Allah bai taɓa mayar da kwano da saura ba.

Bana sai bikin 'yarsa Dorkas ya faɗo kwana huɗu bayan Sallah. Shi zai rako ta har gaban fasto, cikin takalmi sau-ciki.

Dorkas, mai aikin gwajin jini a asibiti, ta zaunar da shi. "Baba, ka rabu da damina. Akwai sinadarin da ake kira fiyurin a jikin kowane mai rai, yana cikin abin da ya sa na ɗebo kamanninka. Hanta da ƙoda cike suke da shi. In jiki ya gama da shi sai ya koma yurik asid, in ya taru ya daskare a gaɓa kamar ƙananan allurai."

"Wato in dubi idon maƙwabcina Malam Mika'ilu in ce ba na cin layyarsa? Bayan shekara talatin?"

Abin ya dame shi ƙwarai. Kunyar maƙwabta yake ji, amma in ya tuna wani ne zai rako 'yarsa shi yana kan kujera, sai ya ga wannan ya fi muni.

Dorkas ba ta ja maganar ba. Ta dai leƙa wurin Iyatu, matar Mika'ilu, wadda in ta ji zance da safe, kafin azahar ya zaga unguwa.

Ranar Sallah kwanuka suka fara shigowa. Ya buɗe na farko a tsorace, ya ga dafaffen ƙwai. Na biyu kindirmo, na uku kankana. Sai ga Mika'ilu da kansa, rungume da jarkar ruwa.

"Baban Dorkas, an ce ruwa ke wanke abin. Shanye, ina zaune." Andarawus ya yi dariya har da hawaye, daɗi ya cika shi.

Ranar biki takalmi ya shige lafiya lau. Ana kaɗa ganga ya kama hannun 'yarsa ya miƙe hanya, yana taku yana rausaya, har ta fara tuntuɓe da rigarta.

"Baba, rage sauri," in ji Dorkas ƙasa-ƙasa. "Ni ce amaryar."