Dangwalen Buba

Da aka yanke mana Jigawa daga jikin Kano, takardu ne suka riga komai isowa. Kafin mu ga kwalta ko famfo, mun ga gingimari shaƙe da fayiloli, an ɗaure su da igiyar rama kamar damin dawa, wasu ruwa ya taɓa su, wasu gara ta riga ta yi kalaci da gefensu. Kason da ya shafi ƙungiyoyin gama-kai na manoman kudancin jiha aka sauke shi a wani ɗan ofishi a Birnin Kudu. Aka ware ɗaki guda, aka saka tebur da benci, aka ce ga ɗakin karatu.

Sanarwa ta fita a rediyo cewa kowa yana da ikon zuwa ya duba rajistar ƙungiyarsa da abin da masu binciken kuɗi suka rubuta a kanta. Magana mai daɗin ji. Sai dai ni ban taɓa ganin gwamnati ta buɗe ƙofa ba tare da ta kafa allo a bakinta ba. Allon wannan ɗaki ya kusa kai tsawon mutum. Ba a shiga da jaka, ba a shiga da biro, ba a shiga da abinci ko goro. Baƙo ba ya taɓa takarda, ma'aikaci ne zai buɗe masa. Sai an rubuta suna da dalilin zuwa. Can ƙasa kuma, da ƙananan haruffa, an ce duk fayil ɗin da aka kawo zargi a kansa za a rufe shi a aika Dutse, ba mai sake ganinsa sai an gama bincike. Kowa kuwa ya san yadda binciken gwamnati yake ƙarewa.

Mai kula da ɗakin ita ce Madam Martina, Kirista ce daga kudancin Kaduna, an turo ta daga Kano tare da fayilolin. Mutane suna cewa ta cika tsanani, amma ni ban ga laifinta ba. Ita ta zauna ta liƙe shafukan da suka yage ɗaya bayan ɗaya, kuma da idonta ta taɓa ganin rahoton binciken wata ƙungiya a hannun mai tsire a bakin tasha. Tun daga ranar, ko shugaban ofis ne ya shigo da biro a aljihu sai ya ajiye shi a bakin ƙofa.

Can Fagam ta ƙasar Gwaram akwai wata tsohuwa mai suyar ƙuli-ƙuli, sunanta Dada. Mijinta Buba ya rasu damina biyu da suka wuce. Bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, don a ganinsa wannan aikin samari ne. Da aka zo rabon gado, 'yan'uwansa suka ɗauki riguna da fartanya da garma, har butar alwala ba a bari ba. Ita aka ba ta tumuninta a hatsi, aka ci ya ƙare. Mace ba ta zuwa maƙabarta, kuma ko da za ta je, ruwan sama ya riga ya daidaita kabarin da na maƙwabtansa. Abin da ya fi damun Dada ba ta iya faɗa wa kowa ba, sai ranar da Ɗanbala, sakataren ƙungiyar manoman garin, ya tsaya sayen ƙuli a zaurenta.

"Ɗanbala, fuskarsa ta fara ɓace min," ta ce. "Sai in rufe ido in neme shi, in ga riga da hula kawai."

Ɗanbala mutum ne da ba ya iya zama da shiru. Don ya sa ta dariya ya ce, "Haba Inna, ai in Baba Buba kike nema, yana nan Birnin Kudu kwance a fayil. Shafi guda cur, duk yatsansa ne."

Ta san labarin, kamar yadda kowa a garin ya san shi. Shekarar da aka yi wa ƙungiya rajista, jami'i ya zo daga Kano a kan babur ba sanarwa, ana tsakiyar noman farko, gari ba kowa. Buba kaɗai ya tarar a gindin tsamiya, kurkunu ya kama masa ƙafa ya hana shi zuwa gona. Jami'i yana buƙatar dangwalen yatsan kowane ɗan ƙungiya, ga shi yana sauri kada hadari ya tare shi. Buba ya ce to mene ne abin wahala, ya san kowa, ya san wanda ya yarda. Ya riƙa faɗin sunaye, jami'i yana rubutawa, shi yana dangwalawa. A wurin mutanen Fagam wannan wakilci ne, irin wanda ake yi a ɗaurin aure, har godiya aka bi shi da ita gida. Abin da Dada ba ta sani ba shi ne takardar tana nan, kuma ana iya ganinta.

Ɗanbala ya manta da zancen kafin ya cinye ƙulinsa. Ita kuwa ranar Litinin ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa biki da shi, ta ƙulla tsaraba a leda. Ta hau a-kori-kura zuwa Gwaram, daga nan ta shiga bas. A tashar Birnin Kudu 'yan acaɓa suka yi mata caa, ta ce ita ba ta hawa abin da ba shi da ƙafa huɗu. Da ƙafa ta tafi, tana tambaya, har aka nuna mata ofishin.

Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta yi sallama, ta durƙusa ta gaida Madam Martina, ta tambaye ta gida da aiki da gajiya da yara. Sannan ta miƙa ledar.

"Ga ɗan ƙuli, 'yar nan. Ba yawa."

"Inna, ba a shiga da abinci nan. Kuma ba na karɓar komai a wurin aiki."

Dada ta ji kunya sosai, don a garinsu mayar da tsaraba zagi ne. Martina ta lura. Ta tashi da kanta ta karɓi ledar hannu biyu, ta rataye ta a ƙusa a baranda, ta ce in an tashi aiki sa yi magana. Ta kawo buta da sabulu ta sa tsohuwar ta wanke hannu, don ƙamshin man gyaɗa ya riga ta shiga ɗakin. Daga nan ta jawo littafin baƙi ta rubuta mata suna da gari.

"Me kika zo dubawa, Inna?"

"Mijina."

Martina ta ɗaga kai. "Mijinki yana aiki a nan ne?"

"A'a, ya riga mu gidan gaskiya. Yatsansa na zo gani. Yana cikin takardar ƙungiyarmu ta Fagam." Dada ta gyara zama, murya ta ƙaru, don abin alfahari za ta faɗa. "Ai duk mutanen da ke takardar nan shi ya dangwala musu. Kaf ɗinsu. Ba wanda ya bari. Mutum ne mai amana, 'yar nan, ki tambayi kowa."

Fensir ya tsaya a hannun Martina. Baiwar Allah ta taso tun daga Fagam ta zo gaban hukumar da aka kafa don kama irin wannan aiki, ta zayyana shi tiryan-tiryan tana murmushi. A dokar ofis, abin da Martina ta ji zargi ne, kuma daga bakin shaida. Aikinta ta rubuta shi, ta ɗaure fayil da jan zare, ta aika Dutse. Ƙungiya ta rasa takin bana, wataƙila har da rajistarta, ita kuma tsohuwar ta koma gida ba ta ga komai ba.

Tsoro ya kama Martina, gaskiya ke nan. Baƙuwa ce a jihar da kowa ke neman gurbi wa ɗan'uwansa, kuma ta san kuskure ɗaya ya isa a ce ta tattara ta koma garinsu. Ta dubi ƙofa, ta dubi taga. Ba kowa sai wata akuya tana cin takarda a bayan ofis.

"Inna, wa kika faɗa wa wannan magana a hanya?"

"Direban bas kawai. Da wata mata mai goyo."

"To ki saurare ni. Abin da mijinki ya yi, a garinku alheri ne. A takarda laifi ne babba. In na rubuta abin da kika faɗa, yau ɗin nan za a ɗauke fayil ɗin, ba ke ba ganinsa, ƙungiyarku kuma ta shiga uku."

Dada ta sunkuyar da kai. Murmushin ya tafi. Ta dubi hannuwanta da aka sa ta wanke.

"Laifi?" ta ce a hankali. "Da ƙafa a kumbure ya yi shi. Ko sisi bai karɓa ba." Sai ta fara laluben bakin zanenta za ta tashi. "To kar a ɓata masa suna yana kwance. Na fasa. Ki yi haƙuri, 'yar nan, na ɓata miki lokaci."

Wannan ne ya karya wa Martina zuciya. Da tsohuwar ta yi faɗa ko ta yi roƙo, da ta san yadda za ta yi da ita, don kullum da irinsu take kwana take tashi. Amma wadda ta yini a mota ta ce ta fasa don kada a taɓa sunan mamaci, ba a koya mata wannan a Kano ba.

"Zauna, Inna."

Ta sunkuya a kan littafin. A gurbin dalili ta rubuta kalma ɗaya, ziyara, ta ja layi a ƙarƙashi. Ta shiga ɗakin ajiya ta daɗe, ana jin tana jan kwalaye tana atishawa. Ta fito da wani fayil mai ruwan ƙasa wanda ɓera ya ɗanɗana kusurwarsa, ta ajiye a tebur, ta kwance zaren. Ta wuce rahotannin masu bincike shekara bayan shekara, kowanne da hatiminsa da sa hannun wani babba, duk sun ce komai daidai. Can ƙarshe ta buɗe wani shafi da ya yi jaja-jaja don tsufa, ta juya shi wajen Dada.

Sunaye ne a jere a hagu, a dama kuma dangwale, tawada mai ruwan shuni ta dushe. Ko makaho ya shafa zai san yatsa ɗaya ne: faffaɗa, duk sun karkata gefe guda, na sama sun yi baƙi ƙirin, na ƙasa sun yi haske inda tawada ta fara ƙarewa. Shekara da shekaru manyan jami'ai suna buga hatimi a bayan wannan shafi, ba wanda ya ɗaga ya duba.

Dada ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa takardar. Ta ɓoye hannuwanta a bayanta don kada su yi mata gardama.

"Salamu alaikum, Malam," ta ce.

Hawaye ya taho. Martina ta yi wuf ta ja fayil ɗin baya kaɗan don kada ya ɗiga a kai, ta miƙa mata hankicinta. Dada ta share ido tana dariya tana kuka.

"Shi ne. Wallahi shi ne. Haka yake danna tuwo in zai yi wa miya gurbi. Kin ga faɗinsa? Zobe bai taɓa shiga hannun nan ba." Ta bi layin da ido daga sama har ƙasa, ta sake komawa sama. "'Yar nan, ni ban yi boko ba. Wanne ne nasa na kansa? Wanda ke gaban sunansa?"

Martina ta ɗauki rula ta riƙa saukowa da ita tana karantawa ƙasa-ƙasa. Dada tana amsawa: wannan ya rasu, wannan yana Legas, wannan shi ya ɗauki garmar. Rula ta iso layin ƙarshe ta tsaya. Buba Na-Tsamiya. Martina ta duba dama, ta sake dubawa, ta ɗaga shafin ta haska shi a taga ko tawadar ce ta dushe.

"Inna," ta ce, "gurbinsa ba komai. Ya yi wa kowa, nasa bai yi ba."

Dada ta daɗe tana kallon ɗan farin gurbin.

"Kai, Buba," ta ce. "Kai, Buba. Har a nan ma?"

Martina ta miƙe. Ta ce labulen tagar nan ya daɗe yana ba ta haushi, bari ta gyara shi. Ta juya wa teburin baya, ta kama labulen da ba abin da ya same shi, ta yi ta ja tana sakewa.

Dada ta fito da hannunta na dama daga bayanta. Ta goge babban yatsanta a zane, ta sake gogewa. Sannan ta ɗora shi a gurbin da mijinta ya bari, ta danna a hankali, ta karkata shi gefe guda yadda ya yi wa sauran.