Dubiyar Dikko Ranar Jarabawa

Dikko ɗan kawuna ne, abokin wasana, saboda haka duk abin da na faɗa a kanshi ba mai kai ni ƙara. Ma'aikaci ne a sakatariya can Kankia, gidanshi kuma nan Kusada, katanga ɗaya da namu. Ya daɗe a kujera guda har ta lotsa. Sai aka ce ƙarin girma na tafe, kuma mai babbar difloma kaɗai za a ba shugabancin sashensu. Mannir, wanda Dikko ya koya ma riƙon hatimi, yana da ita. Dikko ba ya da. In bai samo takardar nan a bana ba, shi zai koma yana ce ma Mannir "ranka ya daɗe". Abin da ya kai shi karatu ta intanet ke nan, da furfurarshi da komai.

Kai, mun ga ikon Allah! Mutumin da bai gama zangon farko ba ya zama malamin dabarun karatu.

"Ke Sa'a," in ji shi, "karatun intanet ba ƙwaƙwalwa ba ce, shiri ne."

Ya san kusurwar ɗakin da sabis ke sauka. Ya sayi layi na biyu saboda ranar da na farko zai yi gardama. Kwamfutarshi ba ta kwana da yunwar caji, ko da wayar matarshi Basira za ta mutu. Tsakani da Allah kuma ya yi karatun, da ya sallame asuba yake saka darasi a kunne yana gyaɗa kai. Amma babbar dabararshi ita ce sirri. Kada kowa ya sani, musamman 'yan ofis. Wai saboda hassada. Ni dai na san kunya ce, kada a ji babban ma'aikaci na amsa tambayar malama kamar ɗan firamare.

Jarabawar ƙarshe ta faɗo ranar aiki, da hantsi. Dokarta kuma ba wasa: fuskarka na gaban kyamara har ka gama, ba magana, ba wani a ɗakin. Ka saɓa a ja maka kunne, ka ƙara a rufe, sai baɗi.

To, yaya zai bar ofis? Sai ya yi abin da kowane ma'aikaci ke yi ranar kasuwa: ya buga ma oga waya ya ce ba ya da lafiya. Da ya ce zazzaɓi ya yi shiru, da ba wanda zai kula, don a sakatariyar nan zazzaɓi kamar gaisuwa yake. Amma Dikko mai shiri ne. Ya shaƙe murya, ya yi nishi, ya ce ko tashi ba ya iyawa. Sannan ya ce ma Basira duk wanda ya zo ta ce yana kwance, ba ya ganin kowa.

Na ce, "Dikko, ka manta a Kusada kake?"

Ya ce, "Ke dai tsare mani ƙofa, ba shawara na nema ba."

Ita Basira baiwar Allah ce, ba ta iya ƙarya ba. In za ta yi, murya ta kama rawa, ido ya cika da ƙwalla. Hawwa maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, ta tambayi maigidan, Basira ta ce, "Yana kwance... ba ya ganin kowa," sai hawaye shar. Hawwa ta fita da salati, ko rariyar ba ta ɗauka ba.

Haba! Kafin Dikko ya kai rabin tambayoyi zaure ya cika. Mata a tsakar gida, wannan da kunu, waccan da saƙe-saƙin tsohuwarta. Ina cewa "da sauƙi, wallahi da sauƙi," suna kallona da tausayi, wai ina ƙarfin hali. Wata ta fashe da kuka daidai taga, na jiyo kwamfutar ta yi ƙara a ciki. Jan kunne ke nan, saura rufewa. Na leƙa ta labule, na ga Dikko na zufa, amma hannunshi na tafiya. Raina ya ɓaci, kuma ya ba ni tausayi, don na ga alamar ya san amsoshin.

Sai ga ɗan acaba ya tsaya a ƙofar gida. Alhaji Sodangi ya kawo, mahaifin Basira, daga Yashe, da laka a ƙafa, daga gona aka ɗauko shi. Labarin da ya isa Yashe shi ne Dikko ya daina magana.

Wa zai tare Alhaji Sodangi? Ni? Basira? Ya ɗaga labule ya yi sallama.

Dikko ko waiwayowa bai yi ba.

Ya sake sallama, da ƙarfi. Dikko na zaune ƙiƙam a kujera, ido ƙur kan kyamara, leɓe na motsi ba sauti, zufa na ɗiga daga haɓa.

"Innalillahi," in ji tsohon. "Har ido ya kafe. Wa ya zaunar da mara lafiya gaban wannan abu?"

Tun da aka ɗaura auren nan Dikko bai taɓa zama a kujera surukinshi na tsaye ba. Na ga yana kokawa da kanshi, ya riƙe tebur gam. Amma gwiwoyinshi ba su yi karatun intanet ba. Kafin ka ce me, ya zame ƙasa ya durƙusa.

"Baba, sannu da zuwa. Ina kwana? Yaya hanya?"

"Allahu akbar, ya yi magana! Lafiya lau, Dikko. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, Baba. Yaya damina? Yaya mutanen Yashe?"

Gaisuwar suruki kuwa ba a yanke ta. Aka bi gona, aka bi iyali, aka bi dabbobi. Tsohon ya dafa kanshi ya yi addu'a mai tsawo ya tofa, mata na amsa amin daga waje. Kyamara na can sama tana kallon bayan kujera. Da Dikko ya miƙe ya duba, an rufe. Ya tsaya yana kallon allon, bakinshi a buɗe, Alhaji na ce mashi ya koma ya kwanta kada jiri ya ɗebe shi.

Ana cikin haka bas ta tsaya. 'Yan ofis ne daga Kankia, kaf ɗinsu. Mutanen da ba a taɓa gani sun cika a bakin aiki ba, ga su sun cika wajen dubiya. Mannir ne a gaba, da ledar lemo. Ya shigo ya russuna, ya ga Dikko zaune a ƙasa ido jajir, ya girgiza kai.

"Sannu Oga, lalle ka ji jiki. Don Allah kada ka sa tunanin aiki a ranka. Ka huta sosai, ni zan riƙe ofis ɗin."