Saifar Tajay

Mis Icilda ba ta taɓa yarda da masu binciken sikilar nan na Kingston, babban birnin Jamaika, ba. Duk wata sai sun zuƙi jinin jikanta Tajay, mai ciwon sikila, kamar sauro, sannan suka ba uwarsa wani ɗan katako mai zanen biro, wai kullum ta auna saifar yaron a ƙasan haƙarƙarin hagu. In kumburin ya wuce zanen, a garzaya asibiti. Icilda takan taɓe baki ta ce aikin banza.

Ranar Asabar uwar ta tafi kasuwar Morant Bay da ayaba, ta bar mata shi. Yaro ya ƙi kunun masara, ya kwanta laƙwas a kan benci, leɓɓansa fari fat. Icilda ta ɗora shayin garafuni. Da ta zo ɗaga shi, sai tafin hannunta ya sauka a kan wani abu mai tauri a cikinsa.

Ta san wannan taurin.

Ta zazzage jakar yaron, ta zaro katakon nan da ta raina, ta ɗora shi yadda ta sha ganin uwar tana yi. Kumburin ya wuce zanen da yatsa uku, ta danne wurin a jikin katakon da babban yatsa.

Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Ta saɓa yaron a kafaɗa, ta gangara titi, ta tsaya ƙiƙam a gaban tasin wani direba, Mas Linval.

"Mis Icy, so kike in take ki? Mota ta cika."

"Wani ya sauka."

"Wa zai sauka? Coci za su je ɗaurin aure."

"Linval, ni na yi maka wankan jarirai. Dubi bakin yaron nan."

Ya duba. Nan take ya sauke mutum biyu, ya taka mota. Duk kwanar da suka sha sai ta kira sunan Tajay. Da farko yana amsawa, daga baya ya daina.

A asibiti ta miƙa katakon kafin ta miƙa yaron. Nas ta kalli inda babban yatsan Icilda ya danne, ta kira likita da gudu. Aka sa masa jini. Sai wajen la'asar ya buɗe ido, ya nemi ruwa.

"Da kun ƙara awa guda, da wani labarin ake yi," in ji nas. "Kaka, wa ya koya miki gane saifa?"

Icilda ta kama hannun Tajay, ta ce:

"Ɗana Everton. Shekara arba'in ke nan. Na ji irin wannan taurin a cikinsa, aka ce fatalwa ce ta taɓa shi, na yi ta shafa masa giyar rake har ya cika a hannuna."

Ta share ido, ta ce a ba ta katako na biyu, na ajiyewa a ɗakinta.