Awa Biyu Bayan Kifi

Tun watan jiya na yi wa 'yata Candela alkawarin za ta shiga teku. Shekararta biyar, kuma ruwan da ta sani bai wuce na baho ba, don garinmu ba komai sai gonakin zaitun. Motar da ta kawo mu birnin Cádiz na bakin teku ƙarfe shida za ta juya. Na tsara komai tun daga gida: mu ci abinci ƙarfe ɗaya da rabi, yarinya ta jira awa biyun da kowane ɗa yake jira kafin ya taɓa ruwa, don kada abinci ya tsaya masa a ciki, sannan ta yi wankanta mu kama hanya.

Abin da na manta shi ne Yaya Anselmo, wan mijina, wanda ya yi shekara ɗaya yana karatun zanen gine-gine kafin ya koma sayar da tayil. Muna sauka ya shige gaba, ni da Candela da surukata Remedios muna biye.

A jikin babbar majami'a ya sa muka shafa bango.

"Kun ga katantanwa a cikin dutsen? Daga teku aka sassaƙo shi. Mutane sai su wuce kamar makafi."

"Yaya, ƙarfe biyu ta yi."

"Garin da ya shekara dubu uku, ke kina duba agogo."

"Garin ya ci abinci, Yaya. Ita ba ta ci ba."

Bai ji ba. Ya hau da mu hasumiya, ya sauko da mu, ya tsayar da mu a rana muna kallon wata taga da ya ce babu irinta. Ni dai taga na gani, da wandon wani a rataye. Da na waiga, Candela tana lasar bango.

Duk gidan abincin da na nuna sai ya yatsina fuska, wai na 'yan yawon buɗe ido ne. Akwai wani lungu da ake wainar jatan lande ta gaskiya, kuma a can an san shi. Muka isa huɗu da 'yan mintoci, ana kife kujeru.

"An rufe kicin sai takwas," in ji mai wurin.

"Ni ne fa, Anselmo."

"Sannu, Anselmo. Sai takwas."

Na ja hannun 'yata muka fita. A kwanar titi na sayi soyayyen kifi a ƙunshin takarda, muka gangara bakin teku tana ci tana ƙona yatsu. Huɗu da rabi ta gama. Ta dubi ruwan, ta dube ni.

"Mama, awa biyu da yawa ne?"

Awa biyu za su kai mu shida da rabi, bayan motar ta tafi. Surukata, wadda tun safe take biye wa ɗanta don kada ta kunyata shi, ta zauna a yashi tana cire takalmi.

"Ke 'yar nan, ba a gaya miki sauran dokar awa biyun ba? In an shiga nan take, kafin ciki ya farga an ba shi aiki, ba abin da ke faruwa. Haka na yi da nawa duka huɗu."

"Har da Yaya?"

"Har da shi. Abin da ke damunsa ba daga ruwa ya samo ba."

Ban taɓa jin wannan a gidanmu ba. Amma matar ta raini huɗu, duk suna nan da ransu. Na jiƙa wa Candela wuyan hannu da ƙeya da cibiya don jikinta ya saba da sanyin ruwan, na tattare rigata, na ɗauke ta muka shiga har ruwa ya kawo min ƙugu. Ta ƙanƙame ni, ta yi ihu, sai kuma dariya.

Daga bakin ruwa Yaya Anselmo yana ɗaga murya, wai mu juya mu ga ganuwar da ke bayanmu. Ban juya ba. Leɓunan yarinyar nake kallo, ko za su canza launi. Minti goma na yi niyyar ba ta. Da suka cika leɓunan na nan jajir, sai na ƙara mata biyar.