Keken Kolo Mai Ƙafa Ɗaya

Kolo ya dawo Toranke daga yaƙin Turawa a ƙasar Bama da ƙafa ɗaya da rabi. Ta hagu likitocin soja suka yanke a ƙasan gwiwa. Kafin a ɗauke shi soja, fataucin kanwa yake yi kamar yadda ubansa ya yi tun zuwansu daga Barno, ba kasuwar da bai taka ba tsakanin Gaya da Ajingi. Yanzu daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta sau biyu a kan sanda.

Amma ba ƙafar ce ta fi damunsa ba. Akwai wani abokinsa, Maiwada, mutumin Gafasa, wanda suka shiga jirgin ruwa tare, suka ci a kwano ɗaya shekara biyu. A hannun Kolo ya cika, a bakin wani kogi, bayan ya roƙe shi ya je da kansa ya faɗa wa uwarsa Larai, kada ta ji a bakin kasuwa. Wata biyar ke nan da dawowar Kolo bai je ba. Matarsa Bintu ta sha cewa a aro jaki a ɗora shi, shi kuwa ya ƙi, ya ce ba zai shiga garin mutane a ɗaure kamar buhu ba. Ita dai ta lura ko an kawo jakin ba zuwa zai yi ba.

Wata ranar kasuwa wani maƙwabcinsa ya ba shi labarin tsohon keke da wani malamin awon gyaɗa ya jingine a Gaya, irin dogon nan baƙi mai faɗin kai, tun na kafin yaƙi. Kolo ya aika aka sayo. Da aka sauke shi a ƙofar gida, mutane suka yi shiru don kada su yi dariya. Ba sirdi, ba feda, ba birki, tayoyin sun tsattsage, tsatsa ta cinye sarƙar.

Ya sa aka kai shi maƙerar Gwadabe. Gwadabe ya juya keken sama da ƙasa, ya ce shi fartanya da lauje ya sani, amma in Kolo zai zauna ya riƙa nuna masa, zai gwada. Haka suka shafe rani. Sarƙar suka jiƙa a man gyaɗa kwana bakwai har ta saki. Tayoyin, da yake ba a samun sababbi, Kolo ya cusa musu tsumma da audugar rimi, ya ɗinke da jijiya. Baduku ya yi sirdi da fatar akuya. Fedar dama aka sassaƙa ta da icen kanya. Ta hagu ce ta ba su wahala: Gwadabe ya ƙera wani ƙarfe tsawon kamu ɗaya a kanta, a samansa aka kafa ɗan akushi, Bintu ta shimfiɗa masa fatar rago mai gashi, inda dungun zai zauna. Sau uku ƙarfen yana karyewa. A na huɗu Gwadabe ya narka tsohuwar garmar ubansa.

Kolo ya faɗi ya fi a ƙirga a bayan gari kafin ya iya. Da ya iya ɗin kuma, sai ya shiga ƙirƙiro aiki. Ya ce a yi wa sarƙar kariya, aka yi. Ya ce a naɗe kan keken da jar fata, aka naɗe. Ranar da ya zo da zancen ƙararrawa, Gwadabe ya ajiye masaba ya dube shi.

"Soja, keken nan ya gamu tun makon jiya. Kai ne ba ka gamu ba."

Washegari da hantsi Kolo ya kama hanyar Gafasa. Hanyar yashi ce, tayoyin tsumma suna nutsewa, inda ya gagara sai ya sauka ya tura yana dogara keken. Kafin azahar fatar ragon ta jiƙe da jini.

Ya sami Larai a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, tsohuwa ƙanƙanuwa, idanunta sun fara yana. Ya gaishe ta, ya faɗi sunansa da garinsu. Ta ce ta san sunan, yana cikin wasiƙar Maiwada da aka taɓa karanta mata. Ta kawo masa ruwa, ta jira ya sha. Sannan ya faɗa mata, bai yi kwana-kwana ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce tun da sojoji suka fara dawowa ba a ga nata ba, jikinta ya ba ta. Can ta tambaya:

"Ɗan nan, an yi masa sutura?"

A hanya Kolo ya shirya zai ce an yi masa komai.

"Inna, ba likkafani. Ni kaɗai na yi masa salla, ana harbi. Da ganye na rufe shi."

Larai ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya saka masa, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, amma ya ga ɓawon take zubawa a ƙwarya, ƙwayar a ƙasa. Ya zauna har la'asar, sannan ya yi mata sallama ya hau kekensa.

Ya isa gida dungun ya kumbura ya yi ruwa. Damina gaba ɗaya a kwance ya yi ta, Bintu tana wanke masa ciwon da ruwan bagaruwa. Yana nan kwance labari ya zo Larai ta rasu, gero bai ko fitar da kai ba. Kolo ya tambayi wanda ya kawo labarin ko ta yi jinya, aka ce a'a, abinci kawai ta rage ci. Ya juya fuskarsa bango.

Da ya tashi, bai sake hawa keken ba. Wani mai tallan turare daga Balan ya taya, Kolo ya ce ya ɗauka, sai dai ya cire akushin ya bar masa. Mutumin ya cire, ya ajiye a bakin zaure, ya tura kekensa ya tafi.