Tolkun a Kan Waya

Suna tsakiyar hawa dutsen, kujerar da ke rataye a waya ɗauke da Tolkun da mahaifinta ta yi wani ƙugi ta tsaya cak. Iska ce ta yi ƙarfi, masu kula da wayar da ke jan kujerun suka kashe inji. Tolkun ta leƙa ƙasa, ba ta ga komai ba sai kawunan itatuwa da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, ga allunan zamiyarta suna reto a ƙafafunta.

Mahaifinta Esenbek, wanda shi ke horar da ita tun tana ƙarama, ya hau zagin iska da masu inji gaba ɗaya. Ya ce yanzu za a fara kiran sunaye a ƙolin dutsen, duk wanda bai amsa ba kuwa an cire shi daga tseren zamiya a kan ƙanƙarar ke nan.

Ita ko Tolkun addu'a take a ranta kada injin ya tashi. Da safe ta duba hanyar tseren: sabuwar dusar ƙanƙara ta zuba a kan tsohuwar ƙanƙara mai santsin gilashi, irin wadda ta kayar da ita bara har aka yi mata aiki a gwiwa. Tun daga lokacin, duk sanda ta tsaya a bakin gangara sai tsoro ya kama ta. Ba ta taɓa faɗa ba. Wa ma za ta faɗa wa? A garinsu Karakol ko mai sayar da burodi zakara yake kiranta.

Amma nan, yau, babu inda uban zai tashi ya tafi.

"Ata," ta ce, yadda ake kiran uba a yarensu, "ni fa na gaji. Tsoro nake ji."

Iska na ta kaɗa kujerar. Esenbek ya cire safar hannunsa, ya gyara mata igiyar hular kwano, ya laluba aljihu ya ciro soyayyen borsok, wani irin cincin na ƙasarsu, da sanyi ya sandarar.

"Yunwa ce, 'yata. Ba ki karya da kyau ba. Ci."

Ta karɓa ta tauna, hawaye na daskarewa a kumatunta. Shi kuwa ya kau da kai yana kallon duwatsu.

Can inji ya tashi. Da suka isa sama suka tarar an ɗan jinkirta fara tseren saboda iskar, ba wanda ya makara. Esenbek ya yi hamdala da ƙarfi.

Aka kira sunanta, ta amsa. Ta gangaro haƙora a cije, ta zo ta uku. Jama'a na tafi, uban ya rungume ta har da ɗaga ta sama. Kafin su kai mota ya riga ya fara yi mata bayanin tseren birnin Almati na mako mai zuwa, da irin gangarar da ke can. Tolkun ta ce to, ta saɓa allunanta a kafaɗa ta bi bayansa.