Burodin Kifi na Baba

Tun da Mama ta rasu, Baba ya ƙulla gaba da abinci. Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi. A ajiye masa faranti, ya ce an gode, Allah ya yi albarka, ya ɗan tura cokali nan da can kamar mai neman wani abu da ya faɗa ciki, sannan ya mayar da murfi ya rufe. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana juya sitiyarin babbar motar ma'aikata da hannu ɗaya, yanzu agogonsa zamewa yake yi har kusa da gwiwar hannu.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta ɗauki hutu ta dawo gida. Aikinta gwajin jini ne a wani asibiti da ke garin da take aure, don haka ba ta bukatar a yi mata fassara. Duk da haka, da ta kai Baba asibiti, likita bai ɓoye mata komai ba: in tsohon nan bai fara ci ba, sai a kwantar da shi a zura masa robar abinci ta hanci.

Baba na zaune yana jin su. Da suka fito ya ce, "Ni ba tankin mota ba ne da za a zura mini tiyo. In kuka kwantar da ni a can, to ku yi sallama da ni tun daga bakin ƙofa."

Auta ta san ba barazana yake yi ba, kuma tsoro ya kama ta sosai. Ta rasa uwa, ba ta shirya rasa uba ba.

A hanyarsu ta komawa ne ya faɗi abin da yake so, yana kallon waje ta gilashin mota. "Da dai zan samu burodin nan na Mamanki."

Wannan ai mai sauƙi ne! Kowa a gidan ya san burodin Baba: yanka biyu, a dagargaza kifin gwangwani a tsakani, a zuba albasa, a naɗe a takarda. Da shi yake fita aiki kullum, kuma bayan ya ajiye aikin ma bai fasa ba, sai dai ya koma ci a kan kujerarsa ta bakin taga.

Washegari da safe Auta ta shiga kicin da ƙarfinta. Ta ɗauko wuƙar Mama, mai baƙin mariƙin nan da ya tsage aka ɗaure shi da waya. Ta wanke ta da soso da sabulu, ta ɗauraye da ruwan zafi, ta wanke katakon yanka, ta wanke hannu har wuyan hannu kamar za ta shiga tiyata. Ta haɗa burodin tsaf, ko ɗigon mai bai leƙo ta gefe ba.

Baba ya gutsura, ya tauna a hankali, ya haɗiye. Ya ajiye sauran.

"Ya yi daɗi, Auta. Amma ba shi ba ne."

Ta je wurin mai kantin bakin layi, ya rantse mata irin kifin da Mama ke saya ke nan, mai jan gwangwani. Mai burodi ya ce gidan burodin bai canza ba, shi ma bai canza ba. Ta gwada jar albasa, ta gwada fara. Ta tsiyaye man kifin, gobe ta bar shi. Ta gasa burodin, jibi ta ba shi a haka. Amsar dai ɗaya ce, kuma ladabin da yake haɗa ta da shi ya fi komai ci mata rai.

Ta kira Yaya a waya, babban wansu, wanda bai taɓa rasa amsar komai ba matuƙar daga nesa aka tambaye shi.

"Ke Auta, ba burodi yake nema ba, matarsa yake nema. Ita kuwa ba a sayar da ita a kanti. Ki daina wahalar da kanki, mu kai shi asibiti kawai."

Ta kashe wayar ranta a ɓace, musamman da yake tana ganin kamar gaskiya ya faɗa. Kuma shi yana da bakin magana a kan Mama. Shi ne ɗan gaban goshi, shi ake tambaya ya ci bai ci ba. Ita kuwa tsakaninta da Mama sai gardamar kicin. Mama wuƙa ɗaya gare ta a duniya, da ita take yanka komai, in ta gama ta goge ta a gefen burodi ta wuce na gaba. Auta ta yi wa'azin ƙwayoyin cuta har ta gaji. Mama takan ce, "To 'Yar Sabulu, da wannan wuƙar aka raine ki, ga ki nan kuma har kin yi ƙarfin yi mini lacca." Auta ta taɓa sayo mata jerin wuƙaƙe masu mariƙi kala-kala, ta nama daban, ta kayan lambu daban. Suna nan a kan kabad cikin kwalinsu, ko ledar ba a ɓare ba. Ranar da Auta za ta bar gidan ma, Mama ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi ta duba ko ta manta cajarta. Tun daga ranar Auta ta sa wa ranta cewa tafiyarta hutu ce ga Mama, ta rabu da mai sa ido.

Da abin ya ishe ta, ta jawo kujera ta zauna gaban Baba.

"Baba, don Allah ka kwatanta mini. Me babu a nawa?"

Ya ɗan motsa baki kamar ɗanɗanon na nan a harshensa. "Akwai wani ɗan zaƙi-zaƙi can ƙasa. Ba ka jin sa da farko, sai ka zo haɗiyewa. Kuma ba ko'ina ba. Wani gefen da shi, wani gefen babu."

"Zaƙi a kifi, Baba?"

"Ni dai ci nake yi, ban taɓa leƙa ciki ba."

Daga nan kicin ya koma ɗakin gwaji. Ta barbaɗa sukari, Baba ya ce wannan shayi ne. Ta ɗiga madarar gwangwani, ya dube ta da tausayi. Ta sa dabino, ta sa jam, ta soya albasar har ta yi ja ta yi zaƙi. Labari ya zaga layi, masu shawara suka yi ta sallama, kuma a nan Auta ta gane cewa kusan kowa yana da abin da yake cusawa cikin burodi in ba mai ganin sa. Maƙwabciyarsu mai ɗinki ta ce mijinta taliyar jiya yake zubawa a ciki da sanyinta. Mai gyaran wuta ya ce shi dafaffen ƙwai da jam, kuma kada wanda ya yi masa dariya sai ya gwada. Wata malamar makaranta, mace mai kamun kai, ta rage murya ta ce ita soyayyar gyaɗa da ɗanyen tumatir. Abin da Auta ta lura da shi, duk wanda ya faɗi nasa sai ya haɗa da sunan wani: haka kakata take yi mini, haka muke ci da abokina a makarantar kwana. Ba wanda ya ce daɗin ne kawai ya ja shi.

Duk wannan bai sa Baba ya wuce gutsure ɗaya ba. Ya fara dafa bango in zai shiga banɗaki. Yaya ya yanke hukunci: zai zo da mota su kai shi asibiti.

Safiyar ranar tafiyar Auta ta gama haɗa wa Baba jaka, ta shiga kicin, sai ta ji jiri na ɗibar ta. Sai a lokacin ta tuna rabonta da abincin kirki ita ma an kwana biyu. Ta buɗe kabad ɗin sama tana neman ganyen shayi, hannunta ya ci karo da wata kwalba a can lungu. Zuma ce, an sha fiye da rabi, bakin kwalbar duk ya yi danƙo. Abin ya ba ta mamaki, don Mama ba ta shan zaƙi, shayinta ma ba sukari, Baba kuwa bai damu da zuma ba.

A kan tebur ga ayabar da maƙwabciya ta kawo dubiya, ta fara baƙi-baƙi. Auta ta dubi ayabar, ta dubi zumar, sai ta tuno kanta tana 'yar firamare da jaka a baya, Mama na haɗa mata abin tafiya makaranta. Burodi da ayaba da zuma. Ita kaɗai ke cin wannan a gidan, Yaya yana kiran sa abincin biri. Ta yanka burodi, ta yayyanka ayaba, ta lakato zuma da bakin wuƙa ta shafe. A tsaye ta ci, tana kallon tsakar gida ta taga.

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ne, wai ya kusa, su fito da shiri.

Hankalinta ya tashi. Ko ba zai ci ba, ba za ta bari a fita da shi ba tare da an miƙa masa komai ba. Ta fizgi burodi, ta yanka, ta buɗe gwangwani, ta kwashe kifin da wuƙa ta dagargaza, ta yanka albasa yadda ta samu, ta danne. Ya fito a karkace, mai na tsiyaya ta gefe. Ta kai masa ta juya za ta ɗauko takalmansa, a nan idonta ya faɗa kan wuƙar da ke hannunta, zuma da ɓurɓushin ayaba na maƙale a gindin ƙarfen.

"Baba, tsaya! Ban wanke wuƙar ba, kawo in sake..."

Baba bai miƙo ba. Yana taunawa, idonsa a rufe. Ya haɗiye, ya sake gutsura. Ya juya burodin ya gutsuri ɗaya gefen, ya sake juyowa. Auta ta tsaya kamar an dasa ta, tana tsoron ko numfashi mai ƙarfi ta yi zai ajiye. Bai ajiye ba sai da ya tsince albasar da ta faɗa faranti.

"Shi ne," in ji shi. "Me kika sa?"

Ta nuna masa wuƙar. "Ban sa komai ba. Nawa na fara yi, na ayaba da zuma, ban wanke ba na yi naka." Ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da hawaye. "Ashe abin da na yi ta wankewa ke nan. Nawa Mama take fara yi, sannan naka."

Sai kuma ta tsaya, don lissafin bai fita ba.

"Amma Baba, ai wannan tun ina yarinya ne. Na bar gidan nan da daɗewa. Da tuni ka manta ɗanɗanon."

Baba ya dube ta kamar yana mamakin ba ta sani ba. "Ai ba ta daina ba."

"Ba ta daina me ba?"

"Yin naki. Kullum shi take fara yi. Ta tsaya can bakin tagar kicin ta cinye, tana yamutsa fuska, kin san ita da ayaba ba sa ga maciji. Na taɓa ce mata, ke kuwa wa ya aike ki? Ta ce hannu ne ya saba. Da na matsa mata, sai ta ce in ta yi nawa ba ta yi naki ba, wuni take yi tana jin kamar yarinyar nan ta fita da yunwa." Ya goge bakinsa da bayan hannu. "Ta ce kada in faɗa miki, za ki ce zaƙi ba shi da kyau ga mai shekarunta."

Auta ta zauna a hannun kujera. Shekaru tana riƙe da Mama a rai kan ba ta yi kewarta ba, ashe matar nan tana tsaye kowace safiya a daidai inda ita ta tsaya ɗazu, tana cin abin da ba ta so. Baƙin ciki ya cika ta, da kunya, da wani irin daɗi da ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta samu yi ba ranar rasuwar. Baba bai hana ta ba, ya dai dafa kanta.

Aka yi hon a waje. Yaya ya shigo yana kaɗa makullin mota, ya ga faranti wayam, ya ga Baba yana lasar yatsa, ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Ka zauna," Baba ya ce masa. "Asibitin ba guduwa zai yi ba. Auta, in da saura a gwangwanin nan, ƙaro mini."

Ta koma kicin, Yaya ya biyo ta ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ga ta ɗauki wuƙar yadda take, ta wuce famfo ko kallon sa ba ta yi ba.

"Ikon Allah! 'Yar Sabulu, yau ba wanki?"

"Babu," ta ce.

Ta ɓare ayaba, ta jawo kwalbar zumar Mama, ta fara yin nata tukuna.